Gwanayen Turke Guguwar Maganaɗisu

Duk mai wayar salula da ke ɗaukar bidiyo, a Kelle yake ko a Gure ko Damagaram, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wannan hoton ba. Wani baƙin faifai ne na tangaran, faɗinsa bai kai tafin hannun yaro ba, an zaunar da shi cikin ɗan kwano. An ɗora masa siririn katako, an aza maganaɗisu bisa katakon, sannan an kwarara wani ruwa mai tafasa yana fid da farin tururi. Da tafasar ta lafa sai a zare katakon. Maganaɗisun ba ya faɗuwa. Yana nan cak inda aka bar shi, a zura takarda ƙarƙashinsa ta wuce. Masu kallo sukan rabu biyu, wasu su ce siddabaru ne, wasu su ce haɗin kwamfuta. Amma wurin da ya kamata a zuba ido yana zuwa ne daga baya, sa'ad da mai nunin ya ture maganaɗisun gefe da yatsa ya dawo mazauninsa, sannan ya kama shi da hantsaki ya ɗaga, sai ga faifan ya taso ya biyo shi yana reto a ƙasansa, ba abin da ya haɗa su. Da korar juna kawai suke yi, da faifan ya yi zamansa cikin kwano. Akwai abin da ya ɗaure su, kuma wani ne ya shirya ɗaurin da gangan, a cikin tanderu, kwanaki da dama kafin a kunna kyamara. Aikin wannan mutum nake so in yi bayani, domin a ganina yana cikin sana'o'i mafi wuya da ɗan Adam ya koya a shekaru arba'in ɗin nan.

Faifan shi ne abin da masana ke kira sufakondakta. Idan sanyinsa ya kai wani mizani, wutar lantarki takan ratsa shi ba turjiya ko ta anini. Layin da ke ɗauko wuta daga Katsina ya bi ta Gazawa ya kai Maraɗi da Damagaram, kamar kowane layi a duniya, yana cin wani kaso na kayan da aka ba shi dako, ya mai da shi zafi ya watsar a daji. Sufakondakta ba ya cin komai. Heike Kamerlingh Onnes ne ya fara ganin haka a birnin Leiden na Holan a 1911, da ya sanyaya zaiba da ruwan hiliyom zuwa digiri 269 ƙasa da sifili. A 1933 kuma Walther Meissner da Robert Ochsenfeld suka gano a Berlin cewa irin wannan abu yana korar ƙarfin maganaɗisu daga cikinsa. Sai dai zaiba da dalma da kuza ragwaye ne. Ƙarfin maganaɗisu ya ɗan yi yawa, sai su saki, su koma ƙarfe kamar kowane ƙarfe.

Mafita ta ɓullo ne daga Tarayyar Sobiyet. Lev Shubnikov, a Kharkiv, ya lura a tsakiyar shekarun 1930 cewa wasu ƙarafa da aka gauraya suna barin maganaɗisu ya shiga jikinsu ba tare da sun rasa halinsu ba. Bai sami bin sawun abin ba, gwamnatin Stalin ta harbe shi a 1937. Alexei Abrikosov ne ya warware lissafin a Mosko. Tun 1953 ya gama, malaminsa Lev Landau bai gamsu ba, takardar ta kwanta a aljihun tebur har 1957, lambar Nobel kuwa sai a 2003 ta same shi yana da shekara 75. Abin da ya ce shi ne, maganaɗisu ba ya shiga a dunƙule, zare-zare yake shiga. Kowane zare yana da siririyar cibiya inda halin sufakondakta ya mutu, a kewayenta kuma wutar lantarki tana juyawa ba tsayawa, tana killace zaren kada ya bazu. Wannan juyin shi ne guguwar. Kowace guguwa tana ɗauke da maganaɗisu daidai wa daida da ƴar'uwarta, kuma ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Babbar na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da likitoci ke kira MRI tana aiki da ƙarfin tesla 1.5 ko 3; to a tesla ɗaya kacal, guguwa kusan miliyan 480 ce ke tsaye a filin da bai wuce milimita ɗaya tsawo da faɗi ba. Da yake ba sa jituwa, sukan jeru da tazara iri ɗaya, kowace da maƙwabta shida.

Shekara goma aka yi ba wanda ya gan su ɗaya bayan ɗaya. A 1967 Uwe Essmann da Hermann Träuble, a Stuttgart ta Jamus, suka yi wata dabara da har yau take burge ni. Suka sanyaya ɗan sandan dalma da aka gauraya da indiyom, suka dafa ƙarfe kusa da shi har ya yi hayaƙi, ƙurar hayaƙin mai bin maganaɗisu ta riƙa sauka a hankali, kowace ƙwaya ta nufi bakin guguwa ta zauna. Suka kwafe zanen da ƙurar ta bari suka sa a madubin ƙara girma na elektaron, sai ga ɗigo-ɗigo a jere reras. Lissafin farko na Abrikosov jeri mai kusurwa huɗu ya bayar, wasu suka gyara shi a 1964, ƙurar kuma ta ba masu gyaran gaskiya.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Da zarar an tura wuta cikin wayar, wutar da kanta takan tunkuɗa guguwoyin gefe. In suka motsa, turjiya ta dawo, zafi ya tashi, duk wahalar sanyayawa ta tafi a banza. Shi ya sa sufakondakta mai tsafta, wanda ƙwayoyinsa suka jeru ba aibi ko ɗaya, ba ya iya ɗaukar wutar kirki a cikin maganaɗisu mai ƙarfi. Aibi ne ke tsayar da guguwa. Kashe halin sufakondakta a cibiyarta yana da tsada, saboda haka idan ta tarar da wurin da dama a mace yake, wani ɗan datti ko tsaga, sai ta zauna a kansa kyauta, fitar da ita kuma sai an biya. Wannan wurin shi ne turke. Sana'ar da muke magana a kanta ita ce dasa turaku: nawa, masu wane kauri, suna fuskantar ina.

A tsofaffin ƙarafa irin su niyobiyom da titaniyom, waɗanda ake naɗa maganaɗisun MRI da su, an iya wannan tun shekarun 1960, amma sai da ruwan hiliyom mai tsada da wuyar samu. Labari ya sake ne a 1986, lokacin da Georg Bednorz da Alex Müller, a ɗakin binciken IBM kusa da Zurich, suka sami halin a wani tangaran mai jan ƙarfe da oksijin, a wajen digiri 238 ƙasa da sifili. Farkon 1987 ƙungiyar Wu Maw-Kuen ta Alabama da ta Paul Chu ta Houston suka haɗa itiriyom da bariyom da jan ƙarfe da oksijin, abin da ake taƙaitawa YBCO, suka kai digiri 180 ƙasa da sifili. Ruwan naitirojin, wato ruwan nan mai farin tururi da ake kwarara wa faifan, wanda daga iskar da muke shaƙa ake tatsarsa, yana tafasa ne a 196 ƙasa da sifili, ke nan ya isa. A watan Maris na shekarar masana suka cika wani otal a New York suna sauraron juna har tsakar dare ta wuce, jaridu suka yi ta alkawarin jirgin ƙasa mai tashi da wuta mai arha. Kafin shekara biyu murna ta koma ciki. Sabon tangaran yana rasa turjiya kamar yadda aka ce, amma a sa shi cikin maganaɗisu a tura masa wuta, sai guguwoyinsa su zame.

Zamewar tana da tushe a cikin halittar abin. A jan ƙarfe na yau da kullum, elektaron, wato ƙwayoyin da ke ɗaukar wutar, suna kai da komo kusan ba ruwan wani da wani, lissafinsu kuma mai sauƙi ne. A wannan tangaran ba haka ba ne. Uwar haɗin, kafin a taɓa ta, bisa ƙa'idar littafi ya kamata ta wuce da wuta, amma ba ta wucewa ko kaɗan, domin elektaron ɗinta suna ƙin juna ƙwarai har kowane ya kafe a kan ƙwayar jan ƙarfensa, ba mai iya gusawa saboda gidan gaba da mai shi. Sai an cire wasu daga cikinsu, kamar ɗaya cikin shida, sannan hanya ta buɗe, kuma abin da bai iya wuce da wuta ba ya rikiɗe ya zama sufakondakta mafi jure zafi da aka sani a lokacin. A YBCO oksijin ne ke wannan aiki: ƙwaya shida a kowane gida, abu ne matacce, kusan bakwai, sai ya tashi. Motsin kowane elektaron ya dogara da na sauran, kuma har yau masana ba su haɗu a kan bayani ɗaya ba game da abin da ke sa su yi biyu-biyu su wuce ba turjiya. Abin da ya shafi mai dasa turke shi ne, a irin wannan cunkoso cibiyar guguwa takan tsuke ta koma ƴan nanomita, shi kuwa nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Turken da ya fi cibiyar girma da yawa ba ya riƙo da kyau. Ga shi wutar ba ko'ina take bi ba, shimfiɗu ne na jan ƙarfe da oksijin, ɗaya bisa ɗaya, don haka zaren guguwar yana da laushi, yana lanƙwasa. A dangin wannan tangaran da ke da bismut ma yakan kusa rabuwa ya zama faya-fayai, kowane a shimfiɗarsa, kamar yadda John Clem ya bayyana a 1991. Sannan digiri 196 ƙasa da sifili, da mu muke ji sanyi ne marar misali, a wurin guguwa zafi ne mai girgiza ta har ta fice daga turke. Jerin ma yakan narke ɗungurum ya zama mai gudana, kuma a 1996 Andreas Schilling da abokan aikinsa sun auna ɗan zafin da narkewar ke sha.

Mutumin ƙasar Gure ba baƙo ba ne ga irin wannan matsala, domin ya ga yadda ake tsayar da tudun rairayi mai tafiya kafin ya binne kwari da dabinonsa. Ba katanga ake ginawa ba. Katanga iska takan ƙwaƙule gindinta ta kayar. Shinge ake kafawa na rassan itace ko na kaba, mai ƴan kafofi, wanda zai rage wa iska ƙarfi ya bar ta ta wuce. Ana gitta shi ne a gaban iskar hunturu mai zuwa daga gabas maso arewa, amma da yake ta damina daga wata fuskar take zuwa, sai a ƙara wasu layuka su ratsa na farko, tudun ya zama gida-gida. A yi shingen da nisa, rairayi ya tashi a tsakani. A cushe su, an ɓarnatar da itace an kuma hana shukar da za a dasa wurin zama. Wanda ya iya, da ido yake gane tazarar. Haka mai dasa turke yake auna nasa, sai dai shi wahalarsa ta fi, domin iskar da ke tura masa tudun ita ce kuma kayan da yake so su wuce. Kowane turke da ya dasa ya ci wani yanki na hanyar wutar.

Dubi yadda ake yin baƙin faifan nan. Ana auna gari uku, na itiriyom da na bariyom farare, na jan ƙarfe baƙi, a niƙa su tare, a gasa a wajen digiri 900, a sake niƙawa a sake gasawa har su zama abu ɗaya. In aka tsaya nan aka matse garin ya zama faifai, zai ɗaga maganaɗisu kaɗan, amma riƙonsa ba ƙarfi. Gwani yakan ƙara wani gari kore, ɗan'uwan YBCO ne amma ba ya wuce da wuta sam. Wannan koren shi ne dattin da masu binciken farko suka yi ta fama su raba da samfurinsu. Yanzu da cokali ake zuba shi, har a sa masa ɗan filatinom ko siriyom don ƙwayoyinsa su tsaya ƙanana kada su dunƙule. Sai a ɗora ɗan ƙaramin kiristal a tsakiyar saman faifan a matsayin iri, a kai tanderu sama da digiri 1,000 har jikin ya fara narkewa amma irin bai narke ba. Daga nan sai haƙuri. Ana sauke zafin ƙasa da digiri ɗaya a awa, kwana da kwanaki, kiristal ɗaya tak yana tsirowa daga irin yana mamaye faifan, yana haɗiye korayen ƙwayoyin a cikinsa. A yi gaggawa, wasu kiristal su tsiro daga gefe, aiki ya ɓaci. Wanda ya yi kyau ana gane shi da ido, layuka huɗu ne ke fitowa daga irin zuwa baki. Ko a nan bai zama sufakondakta ba tukuna, sai an sake mai da shi tanderu a wajen digiri 400 zuwa 450 cikin iskar oksijin na wasu kwanakin, ya sha ya ƙoshi. Masato Murakami na Japan yana cikin waɗanda suka gyara wannan hanya, kuma a shekarun 1990 an ɗaga ɗan kokawar sumo sukutum a kan irin waɗannan faya-fayai. A 2014 ƙungiyar John Durrell da David Cardwell a Jami'ar Cambridge ta kulle tesla 17.6 tsakanin faifai biyu masu faɗin kusan santimita biyu da rabi, a digiri 247 ƙasa da sifili. Maganaɗisun dindindin mafi ƙarfi da ake sayarwa bai wuce wajen tesla ɗaya da rabi ba. Sai da suka ɗaure faya-fayan da zoben ƙarfe, don ƙarfin da guguwoyin ke yi a kan turakunsu yana iya fasa tangaran ɗin.

Faifai na nuni ne da wasu ƴan ayyuka. Abin da masana'antu ke so waya ce, ga shi tangaran ba ya lanƙwasuwa. Tun 1988 Duane Dimos da Praveen Chaudhari da Jochen Mannhart na IBM suka nuna cewa in ƙwayoyin kiristal biyu suka haɗu a karkace fiye da ƴan digiri, wutar da ke tsallaka iyakarsu takan faɗi warwas. Ke nan ana bukatar abin da ya yi kusa da kiristal ɗaya mai tsawon ɗaruruwan mita. Yasuhiro Iijima na kamfanin Fujikura ya buɗe hanya a 1991: a ɗauki siririn ƙyallen ƙarfe, a riƙa shafa masa wata shimfiɗa ana harbinta da ƙwayoyi daga karkace, duk ƙwayar da ta tsiro ba daidai ba harbin ya share ta, masu fuskantar daidai su rage. A kan wannan shimfiɗar ake tsirar da sufakondakta, kaurinsa maikuron ɗaya zuwa uku, alhali gashin kai yana kai maikuron 70. A rufe da azurfa, a rufe da jan ƙarfe. Ƙyalle mai faɗin milimita huɗu yana ɗaukar fiye da amfiya 100 a cikin ruwan naitirojin.

Saura turaku. A 1991 Leonardo Civale da abokan aikinsa suka harbi kiristal ɗin YBCO da ƙwayoyin kuza masu tsananin gudu, kowace ta huda shi ta bar miƙaƙƙen rami na ɓarna daidai kaurin cibiyar guguwa. Riƙon ya ƙaru ninki-ba-ninki, domin yanzu an kama zaren ne a duk tsawonsa. Akira Tonomura na Hitachi, wanda ya shafe rayuwarsa yana gina madubin elektaron da zai ga maganaɗisu, ya ɗauki hoton guguwoyi a kwance cikin irin waɗannan ramuka a 2001. Amma ba wanda zai kai dubban kilomita na waya gaban injin harba ƙwayoyi. Maganin da Judith MacManus-Driscoll da abokan aikinta na Los Alamos suka wallafa a 2004 ya fi arha nesa ba kusa ba: a zuba ɗan garin bariyom da zarkoniyom cikin kayan haɗin tun farko. Ba da jimawa ba aka ga cewa, da yake jerin ƙwayoyinsa bai dace da na YBCO ba, baƙon yakan tattara kansa yana hawa bisa ɗan'uwansa shimfiɗa bayan shimfiɗa, har ya zama ginshiƙai masu kaurin wajen nanomita biyar, a tsaye cikin sufakondaktan. Ba hannun da ya jera su. Mai aikin zafin tanderu da saurin shafi kawai yake riƙe da su. Ya ƙara zafi ya rage sauri, ginshiƙan su fito dogaye miƙaƙƙu. Ya yi akasin haka, su fito gajeru a karkace ko su tsaya ƙwayoyi a warwatse.

Nan ne ake gane gwani, don babu haɗi ɗaya da ya dace da kowane aiki. Miƙaƙƙun ginshiƙai suna riƙo sosai idan maganaɗisu ya zo ta tsawonsu, ya karkata kuwa sai riƙon ya ragu, kuma a cikin naɗin waya maganaɗisun ta kowace fuska yake zuwa. Ƙari ga haka, guguwa tana iya zura ƙafa ɗaya zuwa ginshiƙin maƙwabci ta ja sauran jikinta a hankali, sai an watsa ƙananan ƙwayoyi a tsakani su tare ta. A zuba baƙon da yawa, ya matse kiristal ɗin ya kore masa oksijin, jurewar zafinsa ta sauka. Wayar da za ta yi aiki a ruwan naitirojin da wadda za ta yi a digiri 253 ƙasa da sifili cikin tesla 20 ba turke ɗaya suke so ba. Irin ta biyun ce Jami'ar MIT da kamfanin Commonwealth Fusion Systems suka naɗa a Amurka, kilomita 267 na ƙyalle, tsawon da ya fi tazarar Damagaram zuwa Maraɗi, suka kai tesla 20 a watan Satumba na 2021, don injin da ake fatan zai samar da wuta ta hanyar haɗe ƙwayoyin haidurojin.

Akwai kuma waɗanda guguwar ba abokiyar gaba ba ce a wurinsu. Tun da a cibiyarta halin sufakondakta ya mutu, leƙa ta zai nuna abin da cunkoson elektaron zai zama in ba shi. Ana leƙen ne da allurar da bakinta ƙwayar zarra ɗaya ce, tana shawagi bisa kiristal da aka tsaga cikin sanyi inda ba iska, tana auna wuri bayan wuri kwana da kwanaki, a ɗakin da aka keɓe daga ko motsin ƙafa. Ƙungiyar Øystein Fischer ta Janeba ta ga guguwoyin YBCO ta haka a 1995. A 2002 Jennifer Hoffman, tana ɗaliba a ƙungiyar Séamus Davis a Berkeley, ta ga cewa a kewayen kowace cibiya, a dangin bismut, elektaron sun shirya kansu cikin wani zane mai gida-gida da ke maimaituwa bayan kowace ƙwayar jan ƙarfe huɗu. Ƙarfe na yau da kullum ba ya haka. Wani tsari ne daban da ke gasa da halin sufakondakta, ya sami sarari ya fito inda abokin hamayyarsa ya yi rauni, kuma fiye da shekara ashirin ke nan ana muhawara a kan dangantakarsu.

Masu masana'anta ba su jira a gama muhawarar ba. Damuwarsu ita ce ginshiƙin da ya fito daidai a mita na farko ya fito daidai a mita na ɗari biyar, alhali ƙyallen yana tafiya cikin tanderu ba tsayawa. Ƙura ɗaya ta faɗa, ko zafi ya ɗan kauce na ƴan daƙiƙu, an sami wuri mai rauni, kuma a cikin babban maganaɗisu nan ne zafi zai fara taruwa har ya ƙone naɗin. Don haka kafin naɗi ya bar masana'anta sai an warware shi daga wannan gargare zuwa wancan ta cikin ruwan naitirojin, ana sa masa maganaɗisu, na'ura tana auna yadda kowane yanki ya riƙe guguwoyinsa. Inda layin awon ya faɗi, a nan ake sa almakashi, kuma dogon yanki marar yankewa ya fi gajeru tsada a kowace mita.